Layi Biyar a Bayan Tasha

Shekara ta arba'in da shida bayan Ruwa, ƙarshen zafi.

Zuwa ga Mai Sunan Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya sa takardar nan ta same ki, ke da maigidanki, kuna lafiya. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ta daina jin magana, kunne ya yi nauyi, amma ina cin abinci, ina kuma tashi da ƙafata.

Kada ki yi mamakin kwanan watan da na sa a sama. Ni daga shekarar Ruwa nake ƙirga, shekarar da kogi ya tashi ya shafe tsohuwar unguwarmu. Kuma kada ki yi wa rubutuna dariya. Ban taɓa zama a aji ba. A jikin fakitin iri da allon lokutan jirgi na koyi haɗa baƙi, ina da shekara hamsin.

Ba lalle ki san ni ba. Kakarki ta wajen uwa 'yar baffana ce. Ita ta goye ni, shi ya sa har ta koma ga Allah ban taɓa kama sunanta ba, Yaya nake cewa. Ke kuma sunanta kika ci, don haka ke ma sunanki ya tsira daga bakina. Sau ɗaya na gan ki, kina da haƙori biyu, kika gasa mini cizo a yatsa. Ban manta ba, ban kuma yafe ba.

To ga abin da ya sa na neme ki.

Ranar Ruwa, da hantsi ya shigo mana. Kowa ya suri abin da hannunsa ya kai, wani rediyo, wani katifa. Yaya ta goya mahaifiyarki, watanta huɗu a duniya, ta kwashi kawunan albasa biyar da ta shanya a kan taga ta ƙulle a bakin zani. Ba albasar miya ba ce, ta ado ce, wata likita da Yaya ke yi wa wanki ta ba ta. Kara take yi dogo har ƙugun mutum, a samansa ƙwallon fure mai launin shunayya, ya kai dunƙulen hannu. In ka matsa kusa sai ka ga ashe ƙananan taurari ne ɗaruruwa suka haɗa kai. A kan tudu mutane suka yi ta yi mata tsiya: "Gida ya tafi, ke kuma kin ceto albasar da ko tukunya ba ta shiga!"

Da yamma aka ƙirga, mutum biyar na gidanmu babu. Kakanki Tela yana shagonsa a bakin kogi tare da tagwayensa, mace da namiji, yayyen mahaifiyarki. Baffa da Goggo, iyayen Yaya, sun tafi ɗauko su. Ko ɗaya ba a ga gawarsa ba. Babu kabarin da mutum zai je ya tsaya.

Da na sami aikin lambu a masaukin ma'aikatan jirgin ƙasa, bayan tasha, Yaya ta kawo mini ƙullin nan ta ce, "Ƙanena, ka ba kowa layinsa." Na ba su. Tun daga ranar layi biyar ne, ban taɓa cuɗa 'ya'yan wannan da na wancan ba. Ba bauta musu nake ba, kada wani ya gaya miki haka. In ina ban ruwa na zo layin Tela, sai in tuna Tela in yi masa addu'a. Shi ke nan.

Yanzu an sayar da masaukin. Sabon mai wurin siminti zai malala, manyan motoci su riƙa kwana. An ce in kwashe kayana daga ɗakin lambu kafin sanyi. Ɗana, Direba, zai kai ni gidansa, bene hawa na uku, inda duk ƙasar da ke gidan ita ce wadda ta maƙale a takalmi. Na haƙe albasar, kai sittin da uku, suna rataye a inuwa.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta rubuto mini dab da rasuwarta cewa gidan da kika kama yana da fili a baya. Ko har yanzu kina nan? In kina nan, za ki karɓi mutanen gidanku?

Kakanki,
Mai Lambu

*

Zuwa ga Kaka Mai Lambu,

Amin, wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da gwiwa. Mu lafiya lau, sai gajiyar aiki. A ɗakin ba da magani na wani asibiti nake, tsayuwa daga safe har la'asar. Maigidana yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka cizon nan har yau ban daina ba, ba kai kaɗai aka zalunta ba.

Kaka, a tsaye na fara karanta takardarka, ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba. Mama tana yawan ambaton "Kawu na tasha", amma ba ta taɓa gaya mini tana da yayye tagwaye ba. Ina jin ita ma ba a ba ta labarin sosai ba. Ashe sunan da nake amsawa yana da kaya haka.

Filin yana nan. Bayan kicin yake, tsakanin katanga da igiyar shanya. Na auna da ƙafa, taku tara a tsaye, huɗu a kwance. Ba abin da ke ciki sai tsohuwar taya da ciyawa. Na karɓa, da hannu biyu.

Amma bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri, nan ba kamar wajenku ba ne. Mu da sanyi ake mana ruwan sama, wata uku ko huɗu yana zuba. Ƙasar kuma baƙar laka ce mai nauyi, in ka taka sai ta riƙe takalminka. Ba ta bushewa. Maƙwabciyata tsohuwar malamar makaranta ce, gabanta da bayanta furanni ne. Na karanta mata yadda ka kwatanta albasar, ta ce ta san irinta. Ta ce a garin nan a tukunyar fure ake dasa ta, a zuba tsakuwa a ƙasa, a gauraya yashi, a ajiye a ƙarƙashin rumfa.

Kuma da za ka ji shawarar jika, ka aiko da rabi tukuna. Ka riƙe rabi a wajenka mu ga yadda bana za ta yi. Ban taɓa shuka ko tumatir ba, Kaka. Ina tsoro.

Sannan don Allah ka yarda a saya maka waya. Takardarka kwana goma sha shida ta yi a hanya. Wa yake haka a zamanin nan, in ba tsohon angona ba?

Jikarka,
Mai Sunan Yaya

*

Shekara ta arba'in da shida bayan Ruwa, iska ta fara juyawa.

Mai Sunan Yaya,

Na gaishe ki, na gaida wanda ya ƙwace mini ke. Ki ce masa ya ci gaba da haƙuri, haka jininmu yake. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Waya kuwa ba na so. An taɓa kara mini ita a kunne, abin da na ji kamar ƙuda a cikin kwalba.

Allah ya yi miki albarka. Da na karanta inda kika ce ƙasarku ba ta bushewa, sau uku na maimaita layin, na ɗaga hannu na gode wa Allah. Yarinya, kin san abin da kika samu kuwa? Shekara arba'in da ɗoriya ina jan bokiti daga famfon tasha, famfon da sai ya ga dama yake kawowa. Shekarar fari ruwan wankana na riƙa ragewa ina ba layin Goggo. Ban taɓa rasa kai ɗaya ba sai ta ƙishirwa. Ke ga shi sama za ta yi miki aikin kyauta, kina cewa kina tsoro.

Maganar tukunya, a bar ta. Malamarki ta san alli da allo, ban ƙi ba, amma ni na san albasar nan tun ba a haife ta ba, ko kuma tana rarrafe. Mutum biyar da ba su sami ƙasa ba, su ne zan sa a kasko kamar gyaɗa? A ƙasa za su kwanta.

Rabi kuma ba zan riƙe ba. In ajiye a ina? Matar Direba mace ce mai kirki, amma ta riga ta tambaye ni ko ana soya ta. Kuma tare suka tafi, tare za su zauna.

Ga kwali nan na ba mai motar kaya. Buhu biyar ne ƙanana, ki duba ƙullin bakin kowanne. Ƙulli ɗaya Baffa, biyu Goggo, uku Tela, huɗu ta macen, biyar na namijin. Haka nake yi tun ban iya rubutu ba.

Yanzu ki buɗe kunne, ga yadda Yaya ta koya mini, ban taɓa sauya ko ɗaya ba. Ki jira safiyar da za ki fita ki ga numfashinki yana hayaƙi. Ranar za ki dasa. Ki haƙa rami har wuyan hannunki ya ɓace a ciki. Tsinin ya kalli sama, gemun ya kalli ƙasa. Tsakanin kai da kai, tafin hannu biyu. Ki rufe, ki danna da tafi, ba da ƙafa ba. Sannan ki ba su ruwa kwana bakwai a jere, safe da yamma, har ƙasa ta ƙoshi. Daga nan ki cire hannunki. Kada ki taɓa su sai da izinina.

In lawashi ya fito zan gaya miki sauran, don akwai maganar ganye, ita ma mutane suna ɓata ta. Fure na gamawa sai ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ya yi muni, masu son tsabta su bi shi da almakashi. Alhali a lokacin ne kan yake shan abincinsa na baɗi. Amma wannan sai lokacinsa.

Jibi nake tashi daga ɗakin lambu. Daga yau ki riƙa aiko takarda ta akwatin wurin aikin Direba, na rubuta lambar a bayan wannan, da lambar wayarsa, tunda ku ba ku iya rayuwa sai da ita.

Kakanki

*

Kaka,

Barka da sabon wuri, ya baƙunta? Allah ya sa benen bai ƙara wa gwiwa aiki ba. Mu muna lafiya, sai mura da ta zagaye gidan.

Kwali ya iso lafiya, na ƙirga sittin da uku cif. Safiyar da na ga hayaƙin bakina na nemi a canza mini aiki zuwa yamma, na dasa su yadda ka ce. Baffa ne a jikin katanga, namijin tagwaye a kusa da ƙofar kicin. Na kira sunan kowa da na zo layinsa. Ban zaci abin zai taɓa ni ba, sai ga ni ina share ido da bayan hannu, duk laka a fuska.

Kwana na uku ruwan sama ya sauko. Ka ce kwana bakwai, don haka na cika bakwai, ina riƙe da lema a hannu ɗaya, buta a ɗaya. Malama ta leƙo ta kan katanga ta ce, "'Yata, kifi kike kiwo?" Na ce umarnin kakana ne. Ta ce, "Kakan naki ya taɓa zuwa garin nan?" Na ci gaba da ban ruwana.

Kaka, yau kwana goma sha tara ba mu ga rana ba. Ruwan indararo duk a filin yake sauka. Ruwa ya kwanta a kan layukan, ya kai idon sawu, ba ya tafiya. Da na ce maka ƙasar ba ta bushewa, ba yabonta nake ba. Malama ta ce albasa irin wannan ta fi jure ƙishirwa a kan jiƙa, in ta kwana biyu a cikin ruwa daga gemu take fara ruɓewa. Ta ce in na tono su cikin makon nan na shanya, na mai da su tukunya, za a ceci da yawa. Har ta ce za ta ara mini tukwane goma.

Ka ce kada in taɓa sai da izininka. To izinin nake nema. Ba raina maganarka na yi ba, ba kuma gajiya na yi ba. Na buga wa Kawu Direba sau biyu, yana kan hanya, hayaniya ta yi yawa, ya ce zai gaya maka. Ka amsa mini da wuri, ko da layi ɗaya ne.

Jikarka

*

Shekara ta arba'in da shida bayan Ruwa, tsakiyar sanyi.

Mai Sunan Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga kin zama mai tsadar tawada, to ba komai, ma'aikata sai a hankali. Ni ina nan. Lafiyar jiki da sauƙi, sai ido da ya fara yi mini hazo-hazo.

Zaman bene zaman tsuntsu ne a keji. Matakala arba'in da biyu, na ƙirga. In na sauka sau ɗaya, gwiwa ta gama aikinta na ranar. Da asuba hannuna yake tashina yana neman bokiti, sai in tuna. Matar Direba ta kawo mini wani fure na roba ta ajiye a kan taga, wai ya ɗebe mini kewa. Na gode mata. Da ta fita na juya masa baya.

Direba ya ce kin bugo, kin ce ana ta ruwa a wajenku. Madalla. Ki bar shi ya zuba.

Na san abin da ke ranki yanzu, don duk sabon hannu haka yake. Kin dasa, kin zuba ido, ba abin da ya leƙo, hannunki yana ƙaiƙayi, kuma na tabbata malamar nan tana hura miki kunne ta kan katanga. To ki ji da kyau: kada ki tona. Ko kai ɗaya kada ki tona wai don ki duba. Yanzu ne suke kafa gemu, in kika motsa su kin kashe su da hannunki. Akwai wani mataimakin shugaban tasha da ya taɓa tona mini layin Baffa don ya ga ko da rai. Shekara biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Ki yi haƙuri har sanyi ya karye. Wata safiya za ki fito shanya ki ga tsinin kore ya fasa ƙasa. Layin macen tagwaye ne ke riga kowa, da ma ita ce mai rawar kai. Ranar ki rubuto mini, ki faɗa mini kai nawa suka fito a kowane layi.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaishe ka. Ya ido? Mu lafiya. Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa.

Amsarka ta same ni, ka ce kada in tona. Na ji zafi, don na zaci na yi maka bayani yadda za ka gane, har ka ce na yi tsadar tawada, alhali shafi biyu na cika. Amma na bi. Na mayar wa Malama tukwanenta. Mako biyar na ƙara ina kallon ruwa ta tagar kicin.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi rana. Na fita shanya, sai wani wari ya tare ni. Maigidana ya ce ko ɓera ne ya mutu a magudana. Ni na san ba ɓera ba ne. Na ajiye kwandon kaya na durƙusa a layin Baffa na tura hannu. Ka yafe mini, na saɓa maka.

Hannuna ya shige cikin kan albasar kamar burodin da ya kwana a ruwa.

Na bi su layi-layi, ban bar maigidana ya taya ni ba. Na shimfiɗa jarida kashi biyar a ƙofar kicin don kada su cuɗe. Wasu ɓawo kawai na samu. Na Baffa, na Goggo, na Tela, na macen, babu ko ɗaya. A layin namijin, da yake ƙofar kicin ta ɗan fi tudu, na sami guda biyu masu tauri. Malama ta shigo da kanta ta yanke inda ya ɓaci, ta barbaɗa toka, muka ajiye su a kan kantar kicin inda iska ke wucewa. Kwana uku ina duba su kafin in tafi aiki da bayan na dawo. Jiya suka yi furfurar ruɓa, na taɓa, suka lotsa.

Sittin da uku ka ba ni, Kaka. Ba ni da ko ɗaya.

Na gaya maka. Tun takardar farko na gaya maka, na kuma sake gaya maka. Na rubuta wannan na so in goge, amma na bar shi, don in ban faɗa maka ba zai zauna mini a wuya. Ni ma da laifina. Ina ganin ruwan da idona, kai ba ka gani. Da na tona ka yi fushi da ni shekara biyu, da ya fi.

Ba ka da irinta a ajiye, ko a takarda ko a gwangwani? Ba wanda ka taɓa ba ko kai ɗaya a garinku? Ka tuna da kyau. Malama ta ce ana sayar da mai kama da ita a shagon furanni, in ka yarda in saya in dasa a tukunya, layi biyar. Na san ba ɗaya ba ne.

Jikarka, in har yanzu kana so

*

Shekara ta arba'in da bakwai bayan Ruwa.

Jikata,

Na gaishe ki. Ki gaida maigidanki. Ki gaida Malama, ki ce mata wani tsoho da bai san ta ba ya ci mutuncinta a takarda, yana neman afuwa. Lafiyata kada ki tambaya, ga ta nan dai.

Takardunki biyu rana ɗaya na karanta su. Shekaranjiya Direba ya kai ni asibitin ido. A hanyar dawowa ya miƙo mini ta ƙarshe, ya ce ta zo tun makon jiya. Na buɗe aljihun mota in nemi tsumman goge tabarau, sai ga wata ambulan da rubutunki a ƙarƙashin takardun mota, duk ta yi baƙin mai. Ita ce wadda kika nemi izini. Wata uku tana yawo da shi gari-gari. Wadda na aiko miki ina cewa kada ki tona, ba amsa ba ce. Ban san kin tambaya ba. Surutuna ne kawai na tsofaffi.

Na ce masa, "Tun yaushe wannan take nan?"

Ya duba ya ce, "Kai! Wallahi Baba na sha'afa."

Na ce, "Da ta bugo, me ta ce maka?"

Ya ce, "Ta ce ana ruwa, da wata magana a kan tono. Ina tuƙi, ban ji sosai ba." Da ya ga fuskata sai ya rage murya ya ce, "Baba, albasa ce fa."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Yana da shekara biyu aka yi Ruwa, kuma ni ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba. Kullum korarsa nake daga layukan kada ya taka.

Amma kada ki ɗora masa, kada kuma ki ɗora wa kanki. Takardarki ta farko ai ta same ni a hannu. Kin rubuta ƙasa ba ta bushewa, na karanta sau uku, na ji abin da nake so in ji. Kin ce tukunya, na ƙi. Kin ce rabi, na ƙi. Ruwa ya ci mutanen nan sau ɗaya ba da sanina ba. Na biyun ni na aika su, na kuma ce a ƙara musu kwana bakwai, safe da yamma.

Iri babu. Fure na fara bushewa nake yanke kansa kafin ya ɗaura, don ƙarfin ya koma ƙasa. Haka Yaya take yi, ban taɓa tambayar kaina ko in bar guda ɗaya ba. Kyauta kuma ban taɓa yi ba. Matan shugabannin tasha huɗu sun roƙe ni. Wani fasinja ya bar jirginsa ya tafi yana lallashina. Ina ce musu ba a kyauta da Baffa. Da na ba ko mutum ɗaya, da yau ina da ƙofar da zan buga.

Ta shago, ki saya in kina so, fure ne mai kyau, ki sa a tukunya yadda Malama ta ce. Amma kada ki ba su suna. Ba su san kowa ba.

Ga abin da ya rage, ki adana inda ruwa ba ya kai. Baffa ba ya tafiya sai da fito, tun daga kan kwana ake sanin ya dawo. Goggo tana tsoron kyanwa, ta taɓa hawa kan turmi saboda 'yar ƙarama. Kakanki Tela bahago ne, almakashinsa ba mai iya yanka da shi sai shi. Macen tana da wushirya, tana cewa ita ce babba ko da yake ita ta zo daga baya. Namijin ba ya yarda da takalmi, a hannu yake riƙe shi har makaranta. Shekarunsu shida. Ban san wani mai rai da ya san wannan ba sai ni, yanzu sai ke.

Yau da safe na sauka matakalan nan na hau mota zuwa tasha. Ashe ba su malala simintin ba tukuna. Sun jibge yashi da bulo a gefe, motoci sun tattake wurin ya zama kamar dutse, amma na gane inda layukan suke. Maigadin wurin ya san ni. Ya ce gobe da ƙarfe goma katafila za ta shigo. Na roƙe shi, ya ce in na zo da sassafe zai buɗe mini, shi bai gan ni ba.

Albasar nan tana yin 'ya'ya a gindinta, wasu ba su fi ƙwayar wake ba. Mai haƙa in ya yi gaggawa yakan bar su a ƙasa. Hankali yana ce mini da akwai da sun fito. Amma tun tashina ba wanda ya ɗiga wa wurin ruwa, wataƙila wata tana kwance tana jira. Abin da ke karya mini gwiwa shi ne na san hannuna. In na haƙa layi, sai na bi shi da yatsa sau biyu. Ban taɓa barin ko ɗaya ba, da wannan nake yi wa masu lambu gori duk tsawon aikina.

Na ari rariya a kicin, matar Direba ba ta tambaye ni ta mece ce ba. Na wasa fartanya. Gobe in Allah ya kai mu, ana idar da sallah zan fara sauka, don matakalan suna cin lokaci. Zan fara daga layin tagwaye, su suka fi yawan ƙanana, in tankaɗe ƙasar hannu-hannu har katafila ta iso. Ki taya ni roƙon Allah ya sa ko sau ɗaya na taɓa yin sakaci.

Kakanki,
Mai Lambu